Bayani kan tawayar halittar da ke samun jarirai tun farkon shigar ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa jarirai kimanin dubu 240 ne ke mutuwa a kowace shekara cikin kwanaki 28 na farkon rayuwarsu, sakamakon wata tawaya da aka haife su da ita.

Wasu yara dubu 170 kuma suna rasuwa tsakanin wata ɗaya da haihuwa zuwa shekaru biyar saboda wannan dalili.

Hukumar ta ce tara daga cikin yara goma da ake haifa da mummunar tawaya, ana haifarsu ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, inda asibitocin da za su iya yi musu aiki ba su da yawa.

Lalurorin da suka fi yawa daga cikin masu tsanani su ne tawayar zuciya, da tawayar laka da ƙwaƙwalwa, da kuma lalurar nan da ake kira Down.

Daga cikinsu, tawayar laka da ƙwaƙwalwa ce likitoci suka fi sanin hanyar kauce mata, kuma hanyar ba ta da tsada. Matsalar ita ce lokaci, domin abin yana faruwa ne tun kafin mata da yawa su farga cewa suna da juna biyu.

Yaushe abin ke faruwa?

A mako na uku bayan ciki ya shiga, ɗan tayi bai kai girman ƙwayar shinkafa ba. A lokacin ne wani siririn faifai ke bayyana a gadon bayansa, sai gefunansa biyu su ɗago, su naɗe, su haɗe da juna su zama bututu.

Wannan bututu shi ne tushen ƙwaƙwalwa da laka. Ɓangarensa na sama ya zama ƙwaƙwalwa, na ƙasa kuma ya zama lakar da ke ratsa cikin ƙashin baya.

Haɗewar kan soma ne daga tsakiya, ta nufi sama da ƙasa kamar ana jan zif, kuma takan kammala kimanin kwana 28 da shigar ciki. Wato kusan mako biyu ke nan bayan ranar da mace ta sa ran ganin al'adarta ba ta gani ba.

Idan wani wuri ya ƙi rufewa a cikin waɗannan kwanaki, to ba zai rufe daga baya ba. Ƙashi da tsoka da fatar da ya kamata su lulluɓe wurin su ma ba za su haɗu yadda ya kamata ba.

Ƙididdiga daban-daban ta nuna cewa ciki dubu 260 zuwa dubu 300 ne wannan matsala ke shafa a duniya kowace shekara.

Ire-iren tawayar

Wadda aka fi sani ita ce tsagewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sipaina bifida. Tana da matakai uku.

Mafi sauƙi ita ce ɓoyayya, inda ƙashi ɗaya ko biyu ne kawai ba su rufe sosai ba, amma fata ta lulluɓe wurin. Mutane da yawa kan yi rayuwarsu da ita ba su sani ba, kodayake wani lokaci akan ga ɗan loɓawa ko tsiron gashi a wurin.

Ta biyu ita ce wadda wata jaka mai ruwa ke bullowa a baya, amma babu laka a cikinta. Yawancin masu irin wannan kan samu sauƙi bayan tiyata.

Ta uku, wadda ta fi tsanani, ita ce wadda laka da jijiyoyi ke fitowa cikin jakar, sau da yawa ma babu fata a kai. Takan jawo raunin ƙafafu ko shanyewarsu, da rashin jin taɓi, da kasa riƙe fitsari da bayan gida. Gwargwadon yadda tsagewar ta yi sama a gadon baya, gwargwadon tsananin raunin.

Idan kuma ɓangaren sama na bututun ne ya ƙi rufewa, akan haifi jariri babu mafi yawan ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai. Wannan ba ta da magani. Irin waɗannan jarirai kan zo babu rai, ko su rasu cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki.

Akwai kuma wadda wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ko rigarta ke turowa waje ta wata kafa a ƙoƙon kai, galibi ta ƙeya, wani lokaci kuma ta goshi ko saman hanci.

Me ya haɗa ta da kumburin kai?

Ƙwaƙwalwa tana samar da wani ruwa da ke kewaya ta, ya gangara ya kewaya laka, sannan jini ya tsotse shi. A wurin mafi yawan jariran da aka haifa da tsagewa mai tsanani, ƙasan ƙwaƙwalwa yakan zame ya toshe hanyar ruwan.

Sai ruwan ya taru, kai ya dinga girma fiye da ƙima, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Idan ba a rage ruwan ba, yakan danne ƙwaƙwalwa ya lalata ta.

Hanyar da aka saba bi ita ce sanya wani siririn tiyo a ƙarƙashin fata, wanda ke kwashe ruwan daga kai zuwa cikin ciki. Sai dai tiyon kan toshe ko ya kamu da ƙwayoyin cuta, abin da ke da haɗari ga yaron da gidansu ke nesa da babban asibiti.

Wannan ne ya sa wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Benjamin Warf, wanda ya soma aiki a garin Mbale na ƙasar Uganda a shekarar 2000, ya inganta wata dabara ta buɗe wa ruwan sabuwar hanya a cikin ƙwaƙwalwa tare da rage yawan da ake samarwa, ba tare da sanya tiyo ba. Daga baya asibitoci a wasu ƙasashe, har da Amurka, suka ɗauki dabarar.

Me ke jawo ta?

Masana sun ce abubuwa da dama ne ke haɗuwa, wasu na gado, wasu na abinci da lafiyar uwa.

Babba daga ciki shi ne ƙarancin sinadarin folet, wani nau'in bitamin B da jiki ke buƙata wajen ƙera sababbin ƙwayoyin halitta. A makonnin farko ƙwayoyin halittar ɗan tayi suna ninkuwa cikin sauri ƙwarai, saboda haka buƙatar sinadarin takan ƙaru.

Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin sun haɗa da ciwon suga da ba a shawo kansa ba kafin ciki, da ƙiba mai yawa, da ƙarancin bitamin B12, da zazzaɓi mai zafi a makonnin farko, da wasu magungunan farfaɗiya, musamman valproate.

Macen da ta taɓa ɗaukar ciki mai irin wannan tawaya, haɗarin sake samu a gaba ya kai kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari idan ba a ɗauki mataki ba.

Masu bincike kuma suna zargin wata guba da funfuna ke haifarwa a masarar da ba ta bushe da kyau ba. Zargin ya ƙarfafa ne bayan da aka sami yawaitar jarirai marasa ƙwaƙwalwa a kudancin jihar Texas ta Amurka, kusa da iyakar Meziko, a shekarun 1990 da 1991.

Yadda aka gano rigakafi

A shekarar 1931 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, da ke aiki a birnin Bombay na Indiya, ta gano cewa wani abu da ke cikin yis yana warkar da ƙarancin jinin da ke addabar mata masu ciki. Shekaru goma bayan haka aka tace sinadarin daga ganyen alayyahun Turawa, aka sa masa suna folik asid, daga kalmar Latin mai nufin ganye.

A shekarun 1960 wasu likitoci biyu a birnin Liverpool, Bryan Hibbard da Richard Smithells, suka lura cewa matan da suka haifi jarirai masu tawaya sun fi sauran mata nuna alamun ƙarancin sinadarin.

Hujja mai ƙarfi ta zo ne a 1991, daga wani gwaji da majalisar binciken lafiya ta Birtaniya ta ɗauki nauyi a ƙasashe bakwai, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Wald. An yi gwajin ne a kan mata fiye da 1,800 waɗanda suka taɓa ɗaukar ciki mai tawayar, kuma an ga cewa folik asid ya rage sake aukuwarta da kashi 72 cikin ɗari.

A 1992 wani gwaji a ƙasar Hungary ya nuna cewa yana kare matan da ba su taɓa fuskantar matsalar ba su ma.

Sai kuma wani babban bincike a kan mata kusan dubu 250 a ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 1999. A arewacin ƙasar, inda tawayar ta yi yawa, matan da suka sha ƙwayar ba fashi sun sami raguwar haɗari da kashi 85 cikin ɗari. A kudanci, inda dama ba ta da yawa, raguwar ta kai kashi 40.

Wa ya kamata ta sha, kuma yaushe?

Shawarar hukumomin lafiya ita ce duk macen da ke iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 na folik asid kowace rana, tun aƙalla wata ɗaya kafin shigar ciki, ta kuma ci gaba har ƙarshen makonni 12 na farko.

Daga nan sai a ci gaba da ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, wadda ta ƙunshi sinadarin ƙarfe da folik asid, har zuwa haihuwa.

Akwai matan da likita kan rubuta wa adadi mai yawa, miligiram 4 ko 5 a rana. Su ne waɗanda suka taɓa haihuwar jariri mai tawayar, ko su ko mazajensu ke da ita, da masu ciwon suga, da masu shan maganin farfaɗiya, da masu cutar sikila.

Sai dai a yankunan da ke fama da zazzaɓin cizon sauro akwai abin lura. WHO ta yi gargaɗin cewa shan miligiram 5 ko fiye a kullum yana rage ƙarfin maganin rigakafin zazzaɓin da ake bai wa masu ciki, wanda aka fi sani da Fansidar, kuma ake soma shi bayan watanni uku na farko. Don haka ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya tsara yadda za a sha su.

Abinci kaɗai bai isa ba ne?

Ana samun folet a wake, da gyaɗa, da alayyahu, da zogale, da kuɓewa, da lemo, da ƙwai. Amma zafi yana lalata shi, kuma miyar da ta daɗe a kan wuta takan rasa kaso mai yawa. Bugu da ƙari, jiki ya fi tsotsar na ƙwaya fiye da na abinci.

Tunda ciki da yawa kan zo ba tare da shiri ba, ƙasashe suka ɗauki dabarar zuba folik asid a cikin garin da kowa ke ci. Ƙasar Oman ce ta soma a 1996, Amurka da Kanada suka wajabta a 1998, Chile a 2000, Afirka ta Kudu kuma a 2003.

Bincike ya nuna cewa tawayar ta ragu da kashi 46 cikin ɗari a Kanada, da kimanin kashi 30 a Afirka ta Kudu. Birtaniya, wadda a can aka yi gwajin 1991, sai a 2024 ta kafa dokar.

A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wani ƙuduri da ke kira ga ƙasashe su hanzarta ƙara wa abinci sinadarai domin kauce wa irin wannan tawaya.

Yaya lamarin yake a Najeriya da Nijar?

Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da suga da man girki tun 2002, daga baya kuma aka shigar da folik asid cikin ma'aunin fulawa. Ƙasashen yammacin Afirka da dama, har da Nijar da Ghana, suna da irin wannan tsari a kan fulawa, haka ma Kamaru tun 2011.

Amma wannan ya shafi garin da ya fito daga manyan masana'antu ne kawai. Iyalin da ke kai geronsu da dawarsu da masararsu injin niƙa na unguwa, kamar yadda akasarin gidaje ke yi a karkarar arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ba sa samun wannan kariya a tuwonsu da kokonsu.

Sannan akwai jinkirin zuwa awo. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa matan da ke soma awon ciki a watanni uku na farko ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

A ƙasar Hausa kunya takan sa mace ta ɓoye ƙaramin ciki, musamman na fari, sai ya fito fili. A lokacin da za a miƙa mata ƙwayar a wata na biyar, an daɗe da wuce kwanakin da bututun ke rufewa. Ƙwayar za ta taimaka mata wajen ƙarin jini, amma ba za ta gyara abin da ya riga ya faru ba.

Sauran tawayar da ke faruwa a farkon ciki

Kusan dukkan gaɓoɓin jiki suna samun siffarsu ne a makonni takwas na farko bayan shigar ciki.

Zuciya kan soma bugawa a farkon mako na huɗu, kuma kusan jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da wata tawaya a cikinta, kama daga ƙaramar huda da kan toshe da kanta zuwa wadda ke buƙatar tiyata cikin gaggawa. Alamunta sun haɗa da haki da gumi lokacin shan nono, da rashin ƙaruwar nauyi, da sauyawar launin leɓe da harshe.

Tsagewar leɓe da ganɗa kan faru ne idan sassan fuska ba su haɗe ba a wata na biyu da na uku. Tana shafar kimanin jariri ɗaya cikin 700, kuma ana gyara ta da tiyata, yawanci kafin yaro ya cika shekara ɗaya da rabi.

Murɗaɗɗiyar ƙafa, inda tafin ƙafa ke juyawa ciki, tana samun kimanin jariri ɗaya cikin dubu. Ana daidaita ta a hankali da filasta mako-mako, sannan a sanya wa yaro takalmi na musamman, bisa dabarar likita Ignacio Ponseti. Soma aikin a makonnin farko bayan haihuwa ya fi ba da sakamako mai kyau.

Ita kuwa lalurar Down daga ƙwayoyin gado take, inda ake samun ƙarin kwafi ɗaya na kuromosom mai lamba 21. Yiwuwarta tana ƙaruwa da shekarun uwa, musamman bayan 35.

WHO ta kuma bayyana cewa aure tsakanin 'yan uwa na jini yana ƙara yawan wasu cututtukan gado da ba a cika gani ba, domin miji da mata kan iya ɗauke da ɓoyayyen lahani iri ɗaya. Mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiya lau ake haifarsu, amma dangin da abin ya maimaitu a cikinsu ya kamata su nemi shawarar likita.

Cututtuka da magunguna

A 1941 wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, ya gano cewa jariran da ake kawo masa da yanar ido, iyayensu mata sun yi cutar rubella, wadda ake kira ƙyandar Jamus, a farkon ciki. Cutar ba ta da zafi ga babba, amma idan ta kama mace a makonnin farko, yiwuwar ta shafi ɗan tayi ta kai kashi 90 cikin ɗari, ta bar shi da kurumta ko makanta ko ciwon zuciya. Najeriya ta ƙaddamar da allurar rigakafin ƙyanda haɗe da rubella a watan Oktoban 2025.

Ciwon tunjere ma yana ratsawa daga uwa zuwa ɗa, kuma gwajin jini da allurar penisilin suna hana hakan. Ƙarancin sinadarin aidin, wanda ke jawo maƙoƙo, yana tauye ƙwaƙwalwar jariri, shi ya sa ake zuba shi a gishiri. Barasa kuma tana lahani a kowane mataki na ciki.

A 2015 cutar Zika da sauro ke yaɗawa ta jawo haihuwar dubban jarirai masu ƙananan kawuna a Brazil.

Game da magunguna, duniya ta ɗauki darasi daga thalidomide, wanda aka sayar daga 1957 zuwa 1961 a matsayin maganin barci da laulayin ciki. Yara fiye da dubu goma aka haifa da guntayen hannuwa da ƙafafu ko babu su sam, lamarin da ya sa aka tsaurara dokokin gwajin magani a ƙasashe da dama.

Likitoci suna gargaɗin kada mai ciki ta sha magani, na kemis ko na gargajiya, ba tare da shawara ba. Haka kuma mai farfaɗiya kada ta daina shan nata da kanta, domin faɗuwa tana iya halaka uwa da ɗa. Abin da ya dace shi ne ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, don a duba ko za a sauya mata wani.

Ana iya ganewa kafin haihuwa?

Hoton ciki da ake ɗauka tsakanin mako na 18 da na 22 yana nuna mafi yawan manyan tawayoyi. Rashin ƙoƙon kai kuwa ana iya ganinsa tun ƙarshen wata na uku.

Amfanin sani da wuri shi ne a shirya haihuwa a asibitin da ke da likitocin tiyata, maimakon a yi doguwar tafiya da jariri mai buɗaɗɗen baya.

A wasu manyan cibiyoyi ana rufe tsagewar tun jariri yana cikin mahaifa. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2011 ya nuna cewa hakan ya rage buƙatar sanya tiyo a kai da kusan rabi, kodayake yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini.

Idan an haifi jariri da ita fa?

Likitoci sun fi son rufe buɗaɗɗen bayan cikin kwana biyu zuwa uku, kafin ƙwayoyin cuta su shiga su haddasa sanƙarau.

Kafin a isa asibiti, a kwantar da jaririn rubda ciki ko a gefe, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta ƙwarai, a kiyaye shi daga kashi da fitsari. Kada a matsa jakar, kada a tsaga ta, kada kuma a shafa toka ko mai ko wani garin magani.

A wasu wurare har yanzu akan danganta irin wannan haihuwa da iskoki ko sammu, ko a ɗora wa uwa laifi, abin da kan sa a ɓoye yaro a ɗaki har lokacin taimako ya wuce. Ma'aikatan lafiya sun ce lalura ce ta halitta da ke faruwa a kowace ƙasa da kowace ƙabila, kuma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Tiyata ba ta dawo da jijiyoyin da suka lalace, amma da kulawa yara da yawa suna girma, su yi karatu, su yi sana'a da aure. Kulawar ta haɗa da koya wa iyaye fitar da fitsari da siririn tiyo mai tsabta don kare ƙoda, da gashin ƙashi, da duba fata kullum saboda gyambo, da auna girman kai a kai a kai.

Ga macen da ta haifi irin wannan jariri kuma, likitoci suna ba da shawarar ta koma asibiti kafin ta sake ɗaukar ciki, domin a soma ba ta folik asid mai yawa tun da wuri.

An ware ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara domin wayar da kai game da tawayar haihuwa, da kuma 25 ga Oktoba domin masu tsagewar ƙashin baya da taruwar ruwa a kai.